Layin Girfa a Tsakiyar Kek

Yayata tana da wani gwaji da take yi wa kowane kek, nata ko na wani. Idan an yanka, ba ta fara kai shi baki. Sai ta sa ɗan yatsa ta danna ɓurɓushin da ya zuba a faranti. In ya manne mata a yatsa ya dunƙule wuri guda, sai ta gyaɗa kai. In kuwa ya watse kamar garin kwaki, ba ta cewa uffan, sai dai ka ga ta jawo kofin shayi kusa. Na daɗe ina kallon wannan kafin in gane cewa danshi take nema. Kek yana iya tashi ya cika gwangwani, samansa ya yi ja gwanin sha'awa, a kai baki a ji yana tsayawa a maƙogwaro. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wanda ta fi gwanancewa a kai shi ne wani kek da ake gasawa a dogon gwangwani irin na burodi. Idan aka yanka shi za a ga wani layi ja-ja na girfa da sukari ya ratsa tsakiyarsa yana lanƙwasa, samansa kuma lulluɓe da ɓurɓushi mai ƙaras-ƙaras. Ta koyo shi ne a birnin Milwaukee na jihar Wisconsin a Amurka, shekarun da maigidanta yake karatu a can, a hannun wata dattijuwar maƙwabciyarta wadda kakanninta daga Jamus suka fito. Amurkawa suna kiransa kek ɗin gahawa, alhali babu ko ɗigon gahawa a cikinsa. Sunan abokin tafiyarsa ya ɗauka, kamar yadda muke cewa miyar tuwo ko cokalin shayi. A Ingila kuwa, in aka ambaci wannan sunan, kek ne da aka zuba wa gahawar a cikin kwaɓi, don haka suna ɗaya ne da abinci biyu.

Asalinsa yana can tsakiyar Turai. Gahawa ta shiga nahiyar a ƙarni na 17, kuma da tafiya ta yi tafiya Jamusawa da maƙwabtansu suka mayar da shanta da la'asar al'ada, ana haɗawa da wani abu mai zaƙi. Abin da suke ci a lokacin ɗan'uwan burodi ne: kwaɓi mai yis, a baza shi a faranti, a yayyafa masa ɓurɓushin fulawa da sukari da bota. Wannan ɓurɓushin suna ce masa shitroizel, daga kalmarsu ta yayyafawa, kuma yankin Silesiya, wanda yawancinsa yake cikin Polan a yau, ya yi suna a kansa. Da Jamusawa suka yi ta ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19, suka cika garuruwa irin su Milwaukee da Cincinnati da St. Louis, sai suka tafi da shi. Abin da ya sauya masa kama shi ne bekin fauda. A 1843 wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya haɗa ta saboda matarsa ba ta jure yis, sannan a 1856 Eben Horsford na jami'ar Harvard ya sami lasisin wani sinadari mai tsami da ya sa ta ƙara inganta. Daga nan abin da a da sai an jira sa'o'i kafin ya kumbura ya koma abin da uwargida za ta kwaɓa bayan azahar a ci da la'asar. Shi ma layin girfar yana da dalilinsa tun zamanin yis: girfa tana rage wa yis kuzari, shi ya sa masu burodi suka saba shimfiɗa ta a tsakani maimakon su cuɗa ta cikin ƙullu.

Kayan haɗin ba su da wani abin mamaki, kuma wannan yana daga cikin abin da ya sa nake ganin girman aikin. Ga gwangwani mai tsawon santimita 23 da faɗin 13, Yaya tana auna fulawa giram 240, sukari giram 200, bota giram 60, man girki mililita 60, ƙwai biyu, kindirmo mai kauri giram 240, bekin fauda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, bekin soda rabin ƙaramin cokali, gishiri rabin ƙaramin cokali, sai ruwan fanila ƙaramin cokali biyu. Kusan duk gidan da ake yin kek akwai waɗannan. Mutum biyu za su ɗauki wannan ma'aunin, ɗaya ta fito da abin da ake lumshe ido in an ci, ɗayar ta fito da abin da sai an tsoma a shayi. Bambancin yana hannu.

Tun daga awo yake farawa. Yaya ba ta yarda da kofi a wajen fulawa ba. Kofi guda na fulawar da aka tankaɗe aka zuba a hankali yana kai giram 120, amma in aka cusa kofin nan cikin buhu aka danna, yana iya kai 150. A kofi biyu ke nan an ƙara kusan rabin kofi ba a sani ba, kuma wannan rarar ce za ta shanye ruwan da ya kamata ya zauna a cikin kek. Yawancin busasshen kek tun a nan ya bushe, wuta ba ta ma gan shi ba tukuna. Ƙaramin sikelin kicin ya raba wannan gardamar. Wadda ba ta da shi sai ta tankaɗe fulawar da rariya, ta riƙa ɗiba da cokali tana zubawa a kofi har ya yi tozo, sannan ta share saman da bayan wuƙa, ba dannawa, ba girgizawa.

Sai maganar maiƙo, inda na fi jin daɗin hikimarta. Me ya sa rabi bota rabi mai? Na taɓa tambayarta, ta ce, "Ke dai ki lura, bota tana ba ki ƙamshi, mai yana ba ki gobe." Abin da take nufi shi ne, bota in ta huce daskarewa take yi, don haka kek ɗin da aka yi da ita zalla yana da garɗi a ranar farko, kashegari kuma ya ɗan yi tauri. Man girki kuwa ruwa ne ko da zafi ko da sanyi, yana nan yana lulluɓe da kowace ƙwayar fulawa, shi ya sa harshe yake jin laushi har kwana biyu ko uku. Amma mai ba ya riƙe iska, ba shi kuma da ɗanɗanon da bota take da shi. Sai ta ba kowanne aikin da ya iya. Man da za a sa ya zama marar wari, kada ya zo ya yi gasa da girfa.

Aikin botar shi ne kama iska, kuma ba za ta iya ba sai tana daidai laushin da ake so. Idan aka buga ta da sukari, ƙwayoyin sukarin masu kaifi suna yanka ƙananan ramuka a jikinta, iska ta shiga ta zauna. Bekin fauda ba ta ƙirƙirar sababbin ramuka a cikin wuta, waɗannan da aka riga aka yi take hurawa su girma. Botar da ta yi tauri ba ta yankuwa, wadda ta narke kuma ba ta riƙe komai. Ana son wadda in aka danna ta da yatsa za ta lotsa amma ba za ta yi ƙyalli ko ta zame ba. A nan ne littattafan girkin Turawa suke ɓatar da mu, domin idan suka ce a bar bota ta kai zafin ɗaki, ɗakin da bai wuce digiri 20 ba suke nufi. Ɗakin girki a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu wani abu ne daban: minti goma bayan an fito da ita daga firji ta kai, rabin sa'a kuma ta zama ruwa. Da hunturu labarin ya juya, sai an yanka ta ƙanana an ajiye kusa da murhu. Yaya takan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar kek ita ce bota.

Tana bugawa har launin ya sauya daga ruwan ɗorawa zuwa kusan fari, ya yi sakayau. Da inji minti uku zuwa biyar ne, da muciya da ƙarfin damtse ya ninka haka. Sannan ta tsiyaya man a hankali tana ci gaba da bugu, sai ƙwai, ɗaya bayan ɗaya, ba ta fasa na biyu sai na farko ya ɓace. Gwaiduwar ƙwai tana da sinadarin da yake sulhunta maiƙo da ruwa, amma yana bukatar a ba shi kaɗan-kaɗan. In aka juye duka lokaci guda, ko ƙwan yana da sanyin firji, sai kwaɓin ya tsinke ya yi gudaji kamar nonon da ya kece. Maganin sanyin ƙwai mai sauƙi ne, a saka shi da ɓawonsa cikin ruwan ɗumi na minti biyar.

Kindirmon nan shi ne ruhin danshin. Maƙwabciyar tata kirim mai tsami take amfani da shi, wanda kusan kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa maiƙo ne. Da Yaya ta dawo gida sai ta gwada kindirmo, wanda ba a cire wa maiƙo ba, ta ɗaure shi a farin ƙyalle mai tsabta na sa'a ɗaya ruwan ya ɗan tsane, ta ga ya tsaya a gurbin daidai. Yogot marar sukari mai kauri ma yana yi. Abu uku yake kawowa: ruwa da yawa ba tare da ya tsinka kwaɓin ba, maiƙo, da tsami. Tsamin yana sassauta danƙon fulawa, sannan yana haɗuwa da bekin soda su ba da iskar da take ɗaga kek. Duk macen da ta taɓa zuba ruwan kanwa a ƙullun waina mai tsami ta ga yana kumfa ta riga ta san wannan ilimin, domin dangi ɗaya ne. Ta kuma san abin da yake faruwa in kanwa ta yi yawa. Soda ma haka take: ta ninka bekin fauda ƙarfi sau uku ko huɗu, in aka wuce rabin cokalin nan sai kek ya yi duhu ya riƙa ɗanɗanon sabulu. Ita kuwa bekin fauda tsufa take yi, musamman in damina ta same ta a buɗe. Kafin a dogara da ita sai a jefa ɗan kaɗan a ruwan zafi, in ba ta yi kumfa nan take ba ta mutu.

Akwai masu rage sukari da yawa don gudun zaƙi, sai su yi mamakin yadda kek ya bushe. Sukari yana jan ruwa ya riƙe, yana kuma hana fulawa shan ruwan da za ta yi danƙo da shi. Ana iya rage kashi ɗaya cikin goma ba a ji a jika ba, amma in aka zaftare rabi, an zaftare har da laushin.

Yanzu an zo inda gwanaye suke rabuwa da masu koyo, wato shigar fulawa. Alkama tana da wasu furotin guda biyu waɗanda da zarar sun ji ruwa aka motsa su sai su sarƙe su zama danƙo mai miƙewa. Wannan danƙon shi muke nema a funkaso da alkubus da fanke, shi ya sa ake buga ƙullunsu har hannu ya gaji. A kek kuwa shi ne abokin gaba. Hannun da ya saba da bugun funkaso dole ya koyi akasin abin da ya iya, kuma wannan ba ƙaramin horo ba ne. Yaya tana tankaɗe fulawa da bekin fauda da soda da gishiri tare, ta ajiye injin gefe, ta ɗauki faffaɗan cokalin roba. Fulawar kashi uku take raba ta, kindirmon kashi biyu, ta fara da fulawa ta ƙare da fulawa. Ba juyawa take yi ba, kifawa take yi: ta nutsa cokalin ta gefe har ƙasan kwano, ta ɗago kwaɓin ta kifa shi a kan na sama, ta ɗan juya kwanon da hannun hagu, ta sake. Tana tsayawa alhali akwai sauran ɗan farin gari nan da can.

Ranar farko da na ga haka na ce, "Yaya, ai bai gama haɗuwa ba."

Ta ce, "Ƙanwata, zai ƙarasa da kansa wajen zubawa. Juyi goma na ƙarshen nan da ranki yake so, su ne suke mayar da shi burodi."

Gaskiyarta ne. Kek ɗin da aka wuce gona da iri wajen juya shi yana fitowa da dogayen ramuka a ciki kamar hanyar gara, ga tauri, ga tozo mai tsini a sama. Kwaɓin da ya yi daidai yana da kauri, ba ya zuba daga cokali sai dai ya faɗo guntu-guntu. Kaurin nan ana bukatarsa, don shi ne zai ɗauki nauyin layin girfa kada ya nutse ƙasa.

Girfar kanta ta cancanci a tsaya a kanta. Sunan da muke kiranta da shi daga Larabci ya zo, kuma ɓawon itace ce, daga dangin bishiyoyi da ba iri ɗaya ba. Akwai ta Siri Lanka, wadda Turawan Fotugal suka kama cinikinta a ƙarni na 16, 'yan Holan suka ƙwace a 1658, Ingilishi suka karɓe a 1796. Sandarta sirara ce, falle-falle a nannaɗe kamar takarda, tana karyewa a yatsa, ƙamshinta mai sanyi. Sai kuma ta Sin da Indunusiya da Biyetnam, mai kauri, falle ɗaya, mai duhu da tauri, mai ɗan yaji a harshe, wadda ita ce ta fi yawa a kasuwannin duniya kuma ita Amurkawa suka saba da ita. Ga wannan kek ɗin Yaya ta fi son mai kaurin, saboda sa'a guda a cikin wuta tare da sukari da bota tana danne mai sanyin ƙamshi, ita kuwa wannan tana fitowa da muryarta. Tana da wani sinadari, kumarin, wanda yawan cinsa kullum ba ya yi wa hanta daɗi, amma abin da yake cikin yanka ɗaya ko biyu na kek bai kai abin damuwa ba. Ƙamshin girfa mai ne da yake tashi a iska, don haka garin da ya yi shekara a kwalba launi kawai ya rage masa. Yaya sanda take saye, ta daka ta tankaɗe a ranar, kuma tana da ɗan turmin da ba ya ganin daddawa ko tafarnuwa.

Haɗin layin tsakiya shi ne girfa babban cokali ɗaya, jan sukari giram 60, da fulawa babban cokali ɗaya. Jan sukarin Turawa farin sukari ne mai ɗauke da baƙin ruwan rake, wanda yake ba shi danshi da ɗanɗano mai zurfi. Mu kuwa muna da mazarƙwaila, wadda ba a raba ta da wannan ruwan ba tun farko. A kankare ta da wuƙa ko a goga ta, a tsince duk wata 'yar tsakuwa, ta fi abin da ake sayowa a kanti armashi. Cokalin fulawar nan da ake gani kamar ba shi da amfani yana da babban aiki. Sukari in ya ji wuta narkewa yake yi ya zama ruwa, tururi ya taru a wurin, saman kek ya rabu da ƙasansa a bar kogo a tsakani, in an zo yanka sai ya ɓalle gida biyu. Fulawar tana shanye narkakken sukarin ta ɗinke sama da ƙasa. Saboda wannan dalilin ne kuma Yaya ba ta kai layin har bakin gwangwani. Tana zuba fiye da rabin kwaɓin, ta daidaita, ta barbaɗa girfar ta bar kamar faɗin yatsa ɗaya a kewaye, sannan ta riƙa ɗora sauran kwaɓin cokali-cokali ta baje a hankali. Daga nan ta nutsa wuƙa ta ja ta a karkace daga wannan kai zuwa wancan, sau ɗaya tak. In aka yi ta ja, layin ya ɓace, kek ɗin duka ya zama ruwan ƙasa.

Ɓurɓushin saman shi kaɗai ne yake son bota mai sanyi: giram 45, da fulawa giram 60, mazarƙwaila giram 50, girfa ƙaramin cokali, da ɗan gishiri. Da kan yatsu ake murza shi, cikin sauri, kada zafin tafin hannu ya narkar da botar, har ya zama kamar dambu mai manyan ƙwayoyi. Ita takan fara yin sa kafin komai ta saka a firji, in ta zo barbaɗawa ta damƙi wani ta matse ya zama curi-curi, ta ɗan danna shi a kan kwaɓin don ya kama. Bayan daɗin da yake ba haƙori, rufi ne da yake kare saman kek daga bushewa.

Dogon gwangwani yana da wuyar sha'ani a wuta. Yana da zurfi, zafi yana daɗewa kafin ya isa tsakiya, kuma duk tsawon lokacin nan gefuna suna gasuwa. Shi ya sa ba a yi masa wuta mai ƙarfi. Digiri 175 a ma'aunin Salshiyas, wanda shi ne 350 a ma'aunin Amurkawa, a obin ɗin da ya riga ya yi zafi, a kan ragar tsakiya, minti 55 zuwa 65. Baƙin gwangwani ya fi fari jan zafi, sai a rage masa digiri 10. Ba a buɗe ƙofa a rabin sa'ar farko, domin kek ya tashi amma bai tsaya da ƙafarsa ba, iska mai sanyi tana shiga zai zauna. Wajen minti 40, in saman ya yi ja, sai a ɗora masa takardar foyil sako-sako kamar rumfa. Tsagewar da take fitowa a tsakiyar saman ba aibi ba ce: fatar ta riga ta ƙame, cikin yana kan tashi, dole ya nemi hanya.

Na ga Yaya ta gasa shi ba obin, ranar da gas ya ƙare, kuma a nan na fi sara mata. Babbar tukunya mai kauri ta samu, ta zuba yashi mai tsabta kamar zurfin yatsu uku, ta rufe ta ɗora a garwashi minti goma sha biyar. Ta ɗora gwangwanin a kan 'yan duwatsu uku don kada gindinsa ya taɓa yashin, ta rufe, ta kwashe yawancin garwashin ƙasa ta zuba a kan murfi. Wutar saman ta fi ta ƙasa, don ƙasa ita ce mai saurin ƙonewa, kuma murfi mai zafi ba ya tara gumin da zai ɗiga ya jiƙa ɓurɓushin. Ba ta da agogon zafi, sai hanci da tafin hannu da take shawagi da shi a saman murfin. Ya fito kamar na obin.

Sanin lokacin saukewa shi ne mataki na ƙarshe mai haɗari, kuma minti biyar sun isa su ɓata aikin sa'a biyu. An saba cewa a soka tsinke, in ya fito fes ya nuna. Yaya ta ce in ya fito fes an makara. Ana son ya fito da 'yan ɓurɓushi masu danshi manne a jikinsa, ba ɗanyen kwaɓi ba, domin zafin da yake cikin gwangwani zai ci gaba da aiki bayan an sauke. Wannan kek ɗin yana da wata yaudara tasa: tsinken yana iya ratsa narkakken sukarin girfa ya fito a jiƙe, a zaci bai nuna ba, a ƙara masa wuta. Sai a duba launi, in ja ne sukari ne, in fari ne kwaɓi ne, kuma a soka wuri biyu ko uku. Mai ma'aunin zafi na abinci za ta ga tsakiyar ta kai wajen digiri 95. Akwai kuma alamar da ba ta bukatar kayan aiki, gefunan sun fara ja da baya daga jikin gwangwani, ƙamshin ya sauya daga na bota zuwa na gasasshen sukari.

Minti goma sha biyar yake hutawa a gwangwani. Ƙasa da haka yana iya karyewa, fiye da haka tururi ya jiƙa gindinsa. Tun farko ta shimfiɗa takardar gashi ta bar kunnuwa biyu a waje, da su take ɗago shi, don ba a kifa kek mai ɓurɓushi. Sai ya sha iska a kan raga har ya huce sarai. Yanka shi da zafi buɗe wa tururi ƙofa ne, kuma tururin nan shi ne danshin da aka yi ta wahalar tarawa. Firji ma ba wurinsa ba ne, sanyinsa yana sa sitacin fulawa ya yi saurin ƙamewa. A naɗe shi da kyau a ajiye a inuwa ya yi kwana uku, da damina a rage zuwa biyu saboda hunhuna, in kuma ana son ya daɗe a yanka shi a naɗe kowane yanka a saka a firiza.

Ita dai da daren Alhamis take gasawa saboda baƙin Juma'a. Gidan duka ya ɗauki ƙamshi, yara suna zarya a ƙofar kicin, ni ma na taɓa cewa, "Yaya, ko ɗan gefe ba za a taɓa ba?" Ta naɗe shi ta ɗora a saman kabad ta ce, "Sai gobe, in Allah ya kai mu." Cikin daren danshin tsakiya yana ratsowa zuwa gefunan da suka fi shan wuta, ƙamshin girfar yana fita daga layinsa ya shiga ko'ina. Bayan an sauko daga masallaci sai ta ɗauko wuƙa mai haƙora, ta yanka da kauri kamar faɗin yatsa biyu, tana goge wuƙar bayan kowane yanka don layin ya fito tsaf. Ta miƙa wa baƙi nasu da shayi mai citta, ta jawo farantin da ta yanka a kai, ta sa yatsa ta danna ɓurɓushin, ya taso mata a dunƙule.